Tabarma Huɗu a Masaukin Malam Khalilu

Ni Aina'u, ni na jawo, ba wani ba.

Shekara shida Babanmu, Malam Badaru, yana zuwa asibiti a Zariya daga Makoda saboda ciwon ƙoda. Kullum masaukinsa ɗaya, wurin Malam Khalilu. Waya kawai zai buga masa a gaisa, a tambayi damina, shi ke nan an gama magana. Ranar tafiya Baba ya ƙulla masa gyada a buhu.

Da aka sa ranar yi masa aiki sai na tayar da rigima. Na ce wannan kangon, ga sauro, ga banɗaki a waje, ba zai kwana ciki ba. Na buɗe shafin kama ɗakin otal a waya na nuna musu hotuna: farin gado, sanyi, asibiti kuma taku kaɗan. Baba ya ce ai Khalilu ya san mu. Na ce sani ba ya korar sauro. Wai ni mai karatu a Bici! Ya ƙyale ni.

Shafin ya tambayi mutum nawa, na danna biyu don ya fi araha. A tunanina ɗaki ɗaki ne, in gado ya cika a shimfiɗa tabarma, kamar yadda muke yi ko'ina.

Mu huɗu muka isa da la'asar: ni, Baba, Inna da Baffa Sama'ilu ƙanensa. Yarinyar da ke kan tebur ta duba na'ura ta ce mutum biyu aka rubuta, sauran ɗakunan sun cika, kuma dole wadda ta kama ɗakin da sunanta ta kwana a ciki. Na yi faɗa, na yi roƙo, ta ce da su na kira kai tsaye da sun faɗa min tun farko. Baba kuwa ya galabaita, ko miƙewa ba ya iya yi, balle a sake saka shi a mota.

Inna ta gyara masa hula, ta miƙa min kwanon furarsa.

"Kada ki sa masa sukari," ta ce.

Ita da Baffa suka hau a-daidaita zuwa wurin Malam Khalilu, can ƙarshen gari.

Da safe aka shigar da Baba ɗakin tiyata tun kafin su iso. Ya waiga ƙofa sau biyu. Bai farfaɗo ba.

Inna ba ta taɓa zagina ba, wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Sai bayan ta fita takaba, muna ɓarar gyada a tsakar gida, na tambaye ta yadda suka kwana. Ashe Baba ya riga ya kira Malam Khalilu a ɓoye, kamar kullum.

"Tabarma huɗu ya shimfiɗa mana," ta ce. "Ta babanki na kusa da tawa."

Ta ci gaba da ɓarar gyadarta.