Ginin da Ya Tsaya Bayan Dutsen Merv

Ruwan ya tsallako shinge ya sauka a kan rigunan aikin Tevita Fonua guda uku, waɗanda matarsa Sela ta shanya tun da safe har sun kusa bushewa. Tevita ya ajiye kofin shayinsa a kan matakala ya miƙe.

"Tsoho, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Tumatir nake ba ruwa," in ji Merv Dorrigan daga ɗaya gefen shingen. Tiyo na hannunsa, siririn bututun iskar taimakon numfashi na maƙale a hancinsa, tukunyar iskar kuma na jingine da ƙafarsa a kan 'yar kekenta.

"Tumatirinka sun mutu tun bara."

"Wa ya kashe su?"

Amsar tana tsaye a bayan gidajensu, tsallaken kwalbati: gini mai tsayin bene takwas, ba taga ko ɗaya, kwano tun daga ƙasa har sama. A cikinsa sabon jirgin wasa na filin shaƙatawar da ke maƙwabtaka da su yake gudu da mutane cikin duhu. Tevita ne shugaban masu haɗa ƙarafan da suka tayar da shi, da aka gama kuma filin ya riƙe shi a matsayin mai kula da gyare-gyare. Tun daga lokacin ranar hunturu ba ta ƙara sauka a bayan gidan Merv ba.

Amma ba rana ce ke cin Merv ba, duk layin Banksia an san haka. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wa filin nan duwatsun ƙarya da siminti da ragar waya. Shi ya gina babban dutsen da ke tsakiyar filin, wanda kwale-kwale ke ratsa cikinsa, ya ɓoye injuna da famfuna da komai a ƙarƙashinsa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk inda mutum ya tsaya a cikin filin, kada idonsa ya faɗa kan bango, ko bututu, ko wayar lantarki. Da sababbin masu filin suka zo da nasu jirgin, sun ce za su lulluɓe gininsa da duwatsu. Daga baya suka fasa, suka shafa masa shuɗin fenti, wai zai saje da sararin sama.

"Giwa ce ta ɓuya a bayan tsintsiya," in ji Merv, yana nuna ginin da bakin tiyo. "Kai ko kunya ba ka ji? Ka tashi da safe ka buɗe labule ka ga kashin da ka yi?"

"Zane aka ba ni, na bi zane."

"Haka jaki yake cewa, kaya aka ɗora min."

Tevita ya kwashe jiƙaƙƙun rigunan ya shige gida ya bugo ƙofa.

Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka, ba su taɓa shiri ba. Sun yi faɗa a kan reshen mangwaro, sun yi a kan kare, sun yi a kan motocin 'yan cocin su Tevita da ke tare wa Merv ƙofa ran Lahadi. Sela kaɗai ce ba ta shiga. Tun da Coral, matar Merv, ta rasu, take aika masa abinci duk Laraba, kuma Tevita take sawa ya kai.

Wannan Larabar gwaza ce da naman rago a madarar kwakwa. Ya tarar da Merv a teburin kicin yana numfashi da ƙyar, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba shi ta fita ke nan.

"Ta ce makonni suka rage," in ji Merv. "Kar ka yi min wannan fuskar, ba ta yi maka kyau ba. Kana da katin shiga filin?"

"Ina da shi."

"Za ka kai ni ran Asabar. Ina so in gan shi daga ciki."

"Don ka zage ni a gaban mutanen da nake aiki da su?"

"Har tsoron tsohon da ba ya iya hawa matakala uku kake yi?"

Tevita ya ce ba zai kai shi ba. Da ya koma gida ya faɗa wa Sela, sai ta ci gaba da wanke tukunya ba ta ko juyo ba. "Da mahaifinka ne fa?" ta ce.

"Mahaifina ba ya jiƙa wa mutane shanya."

"Ƙarfe tara za ka ɗauke shi. Kafin rana ta yi zafi."

Ran Asabar filin ya cika maƙil. Tevita na tura keken guragu, tukunyar iska a kan cinyar Merv, suna kutsawa tsakanin masu lasar askirim da masu jan 'ya'ya. Merv ne ke ba da umarni: dama, hagu, bi ta ƙarƙashin itacen ɓaure. A kan wata 'yar gadar katako ya ɗaga hannu.

"Nan. Tsaya nan."

Daga nan ake fara ganin dutsen. Tevita ya wuce ta gadar ya fi sau ɗari, bai taɓa tsayawa ba. Ruwa na zubowa daga ƙwanƙolin dutsen, kwale-kwale na fitowa daga bakin kogo, mutanen ciki na ihu. A bayansa kuma ga shuɗin bangon nan, ya fi dutsen tsayi nesa ba kusa ba, da layukan ƙusoshi da wani tsani na ƙarfe a gefe.

"Ka san tsayin dutsen nan?" in ji Merv. Muryarsa ta yi ƙasa. "Mita goma sha tara kacal. Itatuwan ƙasa manya na dasa, na sama ƙanana, na can ƙololuwa ba su kai gwiwata ba. Duk wanda ya tsaya nan sai ya rantse dutsen ya taɓo gajimare. Wata goma sha huɗu na yi ina gyara wannan ƙaryar. Kalle shi yanzu. Tulin yashi a gaban sito."

Wata mata mai faffaɗar hula ta tsaya kusa da su tana ɗaukar hoto. Merv ya taɓa ta da sandarsa.

"Baiwar Allah, me kike gani a can?"

"Dutse mana. Ya yi kyau, ko?"

"Bayansa fa?"

Ta runtse ido. "Au, wancan? Ban ma lura ba. Ai a can sabon jirgin yake, can za mu yanzu. An ce layin ya kai awa guda." Ta yi musu murmushi ta wuce.

Merv ya tare wani mutum, ya tare wasu 'yan mata biyu. Kowa amsarsa ɗaya: bai lura ba, ko ya lura bai damu ba. Wani ma cewa ya yi da za a rushe dutsen a sa wani jirgin da ya fi. Fuskar Merv ta yi ja, tari ya sarƙe shi. Wani mai gadi da ya san Tevita ya matso yana tambaya ko lafiya. Kunya ta kama Tevita, kunyar ta koma fushi. Ya juya keken da ƙarfi ya sunkuyo daidai kunnen tsohon.

"Ka ji da kunnenka. Ba wanda ya damu. Ni nake shiga cikin dutsen nan naka duk wata, na san abin da ke ciki: tsatsa da ruɓaɓɓen katako da kashin jemage. Sau biyu ina tokare shi da ƙarfe don kada ya rufto wa mutane. Nawa ginin zai shekara hamsin ko gezau."

"Kabari ma haka yake."

"Ka tambayi duk ma'aikatan filin nan, in akwai wanda ya san sunanka. Ko mutum ɗaya."

Merv bai mayar da martani ba, kuma wannan ne karo na farko a shekara goma sha ɗaya. Ya kafa wa hannuwansa ido. Tevita ya mayar da shi gida. A ƙofa Tevita ya miƙa hannu zai kama shi, ya ture hannun.

Kwana tara ba su ga juna ba. Ran Laraba Sela ta kai abincin da kanta. Abin da ya fi ba Tevita haushi shi ne yanzu ya kasa daina ganin ginin. Ya gan shi ta saman rumfar masu sayar da kifi da dankali, ya gan shi a bayan gidan wasan 'yan fashin teku, ya gan shi kwance a cikin ruwan tafki. Duk inda ya juya a filin, ga shi. Ya riƙa zagin Merv a zuci yana ɗaure ƙusa.

Ran Litinin da safe, yana shirin shiga mota, Sela ta fito daga gidan Merv da sauri ba takalmi.

"Zo. Na kira motar asibiti, amma zo."

Merv na kwance a gadon da aka sako masa a falo, kusa da ƙofar gilashi mai kallon bayan gida. Leɓunansa sun yi duhu. Injin iska na ta gurnani a kusurwa. Labulen ƙofar ya tsinke daga sandarsa ya zube ƙasa, da alama ya ja shi ne da niyyar rufewa. Shuɗin bangon ya cika gilashin daga sama har ƙasa.

Ya buɗe ido ya ga Tevita.

"Wa ya kira mai ginin gwangwani?"

"Ni na kira shi, Baba," in ji Sela. Ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannunsa.

Tevita ya tsaya ya rasa inda zai sa hannuwansa. Akwai maganar da ya kwana tara yana juyawa a ransa, ya buɗe baki zai fara.

"Abin da na faɗa maka a kan gada..."

"Rufe min baki. Gaskiya ka faɗa, shi ya sa na tsane ka." Merv ya daɗe yana neman numfashi. "Tsanin nan naka na gefe. A karkace yake."

"Ba a karkace yake ba."

"A karkace yake."

Tevita ya sunkuya ya ɗauki labulen, ya ga ƙugiyoyin duk sun karye. Ya matsa wajen ƙofar yana duba yadda zai rataya shi, sai ya ji muryar tsohon a bayansa, siririya.

"Tsaya nan. Kar ka motsa."

"Me?"

"Ka kare min shi. Yau dai wannan ƙaton jikin naka ya yi rana."

Tevita ya juyo ya fuskanci gadon, bayansa na jikin gilashi. Ya saki labulen. Ya ɗan buɗe kafaɗu, ya gyara tsayuwa.

"Dama kaɗan," in ji Merv.

Ya matsa dama kaɗan.

Sela ta fara wata waƙar coci a hankali, ba ta buɗe baki ba. Merv na kallon ƙirjin Tevita, ko wani abu can bayan ƙirjin, numfashinsa na zuwa yana tsayawa, kowace tsayawa ta fi ta baya tsawo. Wayar Tevita ta yi ƙara a aljihu sau biyu, bai taɓa ta ba. A wajen layi motar kwasar shara ta tsaya ta wuce.

Can Sela ta daina waƙar. Ta sa tafin hannu a ƙirjin tsohon ta jira, sannan ta shafa idanunsa ta rufe, ta zare bututun daga hancinsa ta naɗe shi ta ajiye a kan matashi.

"Ya tafi, Tevita. Zo ka zauna."

"Bari su iso tukuna."

Ta miƙe ta kashe injin iskar, falon ya yi tsit. Tevita na nan tsaye a bakin gilashin da takalman aikinsa, hannuwansa a gefe, inuwarsa ta rufe gadon tun daga matashi har ƙafa.