Sabuwar Ƙwaƙwalwa a Shagon Mijinyawa

A shagon ɗinki na Mijinyawa da ke unguwar Briqueterie ba a ɓare wa sabon abu ledarsa. Kujerar baƙi tana nan cikin ledar da aka kawo ta da ita, har ta yi rawaya ta tsattsage a gefe. Agogon bango haka, rimot ɗin talabijin haka. Mijinyawa yakan ce abin da ke cikin leda sabo ne ko an daɗe ana morarsa, kuma ranar sayarwa ya fi daraja. Ƙanensa Mika'ilu a hannunsa ya tashi, da wannan ɗabi'a ya girma, bai taɓa tsayawa ya tambayi amfaninta ba. Ba wata hikima a ciki. Son a gani ne aka sa wa suna tattali.

Shekarun rikici ne. Da can manyan riguna masu aiki daga Zariya da Kano ake kawo su unguwar. Da fitina ta tashi a yankin ƙasar da ake magana da Ingilishi, ta inda kayan ke biyowa, arewa kuma ba zaman lafiya, sai kaya suka daina zuwa a kan lokaci, wasu ma ba sa isowa. Mika'ilu ya ga dama a nan. Ya matsa wa yayansa har ya sayi keken surfani ɗan gwanjo, irin mai karɓar zane daga kwamfuta ya ɗinka shi da kansa. Kwamfutar kuwa Mika'ilu ne ya haɗa ta da hannunsa, yau ya sayo wannan a kasuwar Mokolo, wani watan ya sayo wancan. Ba wanda ya koya masa sai bidiyon waya da kafiya.

Ƙananan zane na wuyan riga tana yin su lafiya. Amma da Hajiya Hadija ta kawo shadda ta ce a yi wa ɗanta babbar rigar angwanci da aska takwas, zare a kan zare har ƙasa, kwamfutar ta gaza. Sai Mika'ilu ya sayo mata sabuwar ƙwaƙwalwa, wadda masu sayarwa ke kira furosesa, tare da ƙatuwar fanka mai gindin tagulla da ake ɗaurawa a kanta don ta kwashe zafi. Ya ɗiga wa furosesar farin man da ake shafa mata, ya ɗauko fankar yadda ta fito daga kwali, ya ɗaura, ya ƙara matse sukurori.

Da ya kunna, ta tashi da sauri kamar ta gaske. Ya buɗe zanen rigar. Kafin ya gama gyara zama sai kibiyar allo ta fara ɗingishi, fanka ta ɗauki kururuwa, layin da ke nuna ci gaban aiki ya tsaya cik. Tsohuwar ƙwaƙwalwar ma ta fi ta sauri.

Mijinyawa ya leƙo daga bayan kekensa, tef a wuya.

“Malam injiniya, an gama?”

“Saura kaɗan, Yaya.”

“Tun azahar saura kaɗan. Tsohuwar tana tafiyar tsohuwa, wannan kuma ta zauna tana kuka. Ci gaba ne wannan?”

Mika'ilu ya mayar da idonsa kan allo. Ba a mayar wa babba magana a gaban mutane, ko da kuwa bai san bambancin allo da madubi ba.

Washegari Mijinyawa ya faɗi hukuncinsa. Alhaji Altine na unguwar Ekoudou, tela mai shaguna da yawa, ya daɗe yana zawarcin keken surfanin.

“Ranar Juma'a in an sauko zai zo da mota,” in ji Mijinyawa. “In ban ga allura tana cin shaddar Hajiya ba, keken ya tafi. Kai kuma ka koma kan ƙafar wando da maɓalli, inda ba ka ba ni kunya.”

Mika'ilu ya san yayansa ba ya maimaita magana. In keken ya fita, ba zai dawo ba, kwamfutar kuma ta zama akwatin kallo.

Ya fara da abin da kowa ke fara zargi. Ya ce wuta ce, tun da kullum ana ɗauke ta ana maido ta rabi-rabi, ya aro na'urar daidaita wuta a wurin maƙwabci. Ba ta sake zani ba. Ya zare sandunan ajiyar bayani ya goge su ya mayar. Ya share komai ya sake zuba mata tsarin aiki daga farko. Ta tashi da kuzari, ta ga zanen, ta sake durƙushewa. Ya koma Mokolo wurin wanda ya sayar masa, ya ce an ba shi jabu.

“Original ce, mon frère,” in ji mutumin, bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba. “Ka duba zafinta?”

Bai duba ba. Ya sha haushin tambayar, amma ya dawo ya sa manhajar da ke nuna zafi. Ya buɗe zanen, yana kallo lambar ta yi tsalle.

“Quatre-vingt-dix-huit,” ya faɗa a hankali da Faransanci, wato tasa'in da takwas.

“Kuɗin me?” Mijinyawa ya tambaya.

“Ba kuɗi ba ne, Yaya, zafi ne. Ta kusa tafasa ruwa. In ta ji za ta ƙone sai ta rage gudu da kanta.”

“To ta fi ka hankali.”

Mika'ilu ya cire murfin gefe, ya jawo fankar shago ya saita ta a kan cikin kwamfutar. Shago ya zama tanda, Mijinyawa yana fifita da kwali yana mita. Lambar ba ta sauka ba. Mika'ilu ya kai yatsa ya taɓa ƙarafen sabuwar fankar ya ji su sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Har ya ji daɗi, ya ce a ransa ai fankar mai kyau ce, laifin na wani wuri ne. Mutum in yana son abin da ya saya, shaidar da ta kama shi ma sai ya karanta ta a matsayin yabo.

Safiyar Juma'a Mijinyawa ya tula masa kayan guga.

“Fara sabawa,” ya ce.

Mika'ilu ya shimfiɗa wata shadda mai maiƙo, ya ɗora ƙyalle a kanta kamar yadda kowane tela ke yi don kada dutse ya ƙona ta, ya bi da dutsen guga. Ya ɗaga ƙyallen ya shafa shaddar, ɗumi kawai ya ji. Dutsen kuwa ko kusa da shi ba a kai hannu. Ya tsaya da dutsen a sama. Wuta a gefe ɗaya, sanyi a gefe ɗaya, ƙyalle a tsakani. Ya juya ya dubi kwamfutar. Furosesa na tafasa, fankar da ke zaune a kanta tana sanyi. Da zafin yana ratsawa, da ƙarafen sun yi ɗumi.

Ya aje dutsen, ya ɗauko sukundireba. Sai ga kiran salla. Ya tafi masallaci, amma Allah ne kaɗai ya san abin da ya ji a huɗubar.

Da suka dawo, motar Alhaji Altine tana ƙofar shago. Alhajin ya zauna a kujerar baƙi, leda ta yi ƙara a ƙarƙashinsa, ya dubi kwamfuta a buɗe da sukurori a faranti.

“Ashe fiɗa ake yi. Allah ya ba ta lafiya. Mijinyawa, a fara kwance keken ko?”

“Yaya, a ba ni lokacin shan shayi,” in ji Mika'ilu.

Mijinyawa ya dube shi, ya dubi baƙo, ya aika a kawo shayi.

Mika'ilu ya kwance fankar ya kifa ta. Farin man ya shafe gindin. Ya sa farce a kusurwa ya ja, sai wata 'yar leda mai haske, ba ta kai tafin jariri ba, ta ɗago tana yauƙi. A ƙarƙashinta tagulla tana ƙyalli, man bai taɓa ta ba ko sau ɗaya. Ya gan ta tun ranar farko. Hannunsa ne ya bar ta, yadda hannun gidansu ke barin kowace leda.

Ya ɗaga ta sama.

“Ga cutar, Yaya.”

“Wannan 'yar abar? Ai kare ta take yi kada ta yi tsatsa.”

“Ta kare ta har daga aikinta.”

Alhaji Altine ya yi dariya har shayi ya zubo masa a riga. Mijinyawa bai yi ba.

“Ka ɓare, ba a karɓa in ka mayar,” ya ce.

“Ba mayarwa zan yi ba. Aiki za ta yi.”

Ya goge tsohon man da guntun atamfa, ya ɗiga sabo, ya ɗaura fankar, ya kunna. Ya buɗe zanen aska takwas. Lambar zafi ta hau kaɗan ta tsaya a inda ya kamata. Fanka ba ta yi kururuwa ba. Layin ci gaba ya taso daga hagu ya zarce dama bai tsaya gaisawa da kowa ba. Mika'ilu ya kama hannun yayansa ya kai kusa da ƙarafen.

“Ɗumi,” in ji Mijinyawa.

“Shi muke nema.”

Ya tura zanen cikin keke, ya ɗaure shaddar Hajiya Hadija a kan firam, ya danna. Allura ta faɗa wa shadda, farin zare ya fara fitar da bakin aska ta farko, tsaf, ba karkata. Masu wucewa suka tsaya a ƙofa. Mai tsire na tsallaken titi ya bar wutarsa ya zo kallo.

Alhaji Altine ya sunkuya ya daɗe yana duba ɗinkin.

“Zan ƙara a kan abin da na faɗa,” ya ce.

“Alhaji, ka sha shayi, mun gode da ziyara,” in ji Mijinyawa. “Keken ba na sayarwa ba ne. In kana da riguna masu son aiki, kawo, ƙanena zai duba ko yana da lokaci.”

Ya raka baƙon har mota. Da ya dawo ya tarar da Mika'ilu tsaye a gaban kujerar baƙi, ya riga ya sa farce a inda ledar ta tsage.

“Kai, injiniya.”

“Na'am, Yaya.”

“Kujera ba ta zazzaɓi. Bar ta.”

Mika'ilu ya janye hannunsa. Mijinyawa ya sunkuya ya tsinci 'yar ledar fankar a ƙasa, ya juya ta gaba da baya. Ya kai ta bakin aljihu, ya tsaya, sannan ya jefa ta cikin kwandon guntaye. Ya jawo kujera kusa da keken ya zauna yana kallon allura tana shiga aska ta biyu.