Saƙar da Rana Za Ta Kwafa

"Wannan ba zai yi ba," in ji Baba Mai Taswira. Ya ɗaga gilashin da na ciro daga ƙofar kabad ɗina, ya kara shi da hasken taga, ya ƙanƙance ido. "Dubi nan, Tela. Ƙarzuwa ce. Rana ba ta rufa asiri, duk abin da ta gani sai ta fito da shi."

"Haba Baba! Ƙarzuwar da sai an sa tabarau ake ganinta?"

"To ai da tabarau zan kalli hoton."

Na karɓe gilashina ina huci. Da wuƙar kicin na kwance sukurorinsa, har na yanke yatsa, ga kwanukana can suna shan ƙura a banza.

Ɗakinsa yana jikin nawa a gidan hayar, bango ɗaya ya raba mu, har tarinsa nakan ji ta cikin ƙarar keken ɗinki. Da ƙuruciyarsa a ofishin masu zanen gini ya yi aiki, shi ke kwafar taswirar gidaje tun kafin injuna su zo su karɓe sana'ar. Yadda ya bayyana mini, ana shafa wa takarda wani magani a cikin duhu, a ɗora zanen a kai, a danne da gilashi, a kai rana. In aka wanke da ruwa, inda rana ta taɓa ya zama shuɗi, inda aka tare ya fito fari. Hoton rana yake ce masa.

Abin da ya tayar da tsohuwar sana'ar kuwa wata saƙar kwarashi ce, murfin tebur da marigayiya matarsa ta saƙa. Ya kawo mini ita in gyara. Ina taɓawa zare ya tsinke a hannuna. Na gaya masa gaskiya, zaren ya mutu, babu allurar da za ta shiga ta fito lafiya. Ya daɗe yana kallon furannin jikinta, waɗanda ya ce daga kanta ta ƙirƙiro su, ba a wurin kowa ta gani ba.

"To in zaren zai tafi, zanen ya zauna," ya ce. "Malama ba ta da komai na hannun uwarta. Rana za ta kwafa mata." Malama ita ce 'yarsa tilo, tana koyarwa a wani gari. Ya roƙe ni kada in gaya mata, yana so ya miƙa mata abin a gama.

Ƙafafunsa sun riga sun kumbura, don haka yawon haɗa kaya ya faɗo kaina, ni da ɗinkin mutane ya yi mini tsibi. Shagon masu sayar wa makarantu kayan gwaji na fara zuwa, na karɓo gari iri biyu, ɗaya kore, ɗaya ja kamar garin bulo. Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, rini za ki yi ko wani ne ya ɓata miki rai?" Na ce masa in ya ci gaba da surutu zai sani.

Takardar farko da na kawo, Baba ya tsoma ta a ruwa ta narke, ya miƙo mini abata. Na koma na samo mai kauri, irin ta masu zane. Buroshi ma ya ƙi, wai ƙarfen wuyansa zai ɓata maganin, sai da na ɗaure soso a jikin itace da zare. Kwalabe masu duhu na zuba maganin ne kawai ba su ba ni wahala ba, na maganin tarinsa sun cika bayan ƙofa. Ruwa kuwa ya ce sai na sama, na kafa bokiti a ƙarƙashin indararo. Na yi mita, na yi tsaki, amma in faɗi gaskiya, ban taɓa jin daɗin wani aike kamar wannan ba. Duk abin da na shigo da shi sai idonsa ya yi haske kamar an kawo masa jika.

Ranar da ya shafa maganin, na rataya bargo a taga da tsakar rana, muka rufe ƙofa. Hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofi, amma da ya kama soson nan sai rawar ta tsaya. Takardun suka yi ruwan ɗorawa mai ratsin kore. Da suka bushe ya jera su a wani faffaɗan kwali, ya ninke saƙar ya ɗora a kai, na tura ƙarƙashin gado. Gilashi kaɗai ya rage.

Mai gilashin bakin titi kuwa mutumin gobe ne. Gobe kaya za su iso, gobe yaronsa zai dawo, gobe abin yankan zai samu. Na je har muka saba, yana hango ni yake fara murmushi yana shafa ƙeya. Baba kuma kullum ƙara shigewa katifa yake yi.

Wata safiya gari ya waye tas, rana ta cika tsakar gida har bakin ƙofarsa. Na shiga na ce, "Baba, mu yi yau. A sa duwatsu a gefe su danne."

"Iska za ta ɗaga tsakiyar, hoton ya yi hazo." Ya tsaya ya ja numfashi. "Uwar Malama ta ɓata idonta a kan saƙar nan, ɗiyata. Ba zan yi mata aikin gaggawa ba."

"To sai ka yi ta zaman jiran gilashi!" Na fice na bar labule yana lilo. Har yau maganar nan tana ci mini rai. Da na sani, da na ɗauko kwalin da kaina na shimfiɗa a rana, ya yi ta faɗansa daga kan gado.

Da jikin ya tsananta Malama ta zo. Ta kwana kusa da shi, tana juya shi, tana ba shi ruwa da cokali. Ranar ƙarshe na leƙa da hantsi, ya juya kai wajen taga ya ce da ni, "Yau ma rana ta yi kyau." Kafin inuwa ta juya a tsakar gida ya cika.

Washegarin da aka kai shi sai ga mai gilashi da kansa, ɗauke da gilashi naɗe a jarida. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa haɗa ido da ni. "Wallahi ban san abin na gaggawa ba ne. Allah ya jiƙansa." Na karɓa na jingina a bango. Na ce a raina bari Malama ta ɗan samu natsuwa, masu ta'aziyya su ragu, sai in gaya mata komai mu yi tare. Ashe jiran nan na Baba ya shafe ni ban sani ba.

Ranar da na fita kai wa wata mata ɗinkinta, Malama kuma ta tashi gyaran ɗakin Baba. Ina dawowa na tarar da katifa a rana, ita tana zaune a gaban baho, hannayenta cikin kumfa. Ta ɗago su. Zaren saƙar ne gutsi-gutsi manne a yatsunta.

"Warin danshi take yi, na ce bari in ɗauraye," ta ce, muryarta na karyewa. "Ko cuɗawa ban yi ba, ƙanwata. Narkewa kawai ta yi."

Na ce, "Yaya, ina takardun da ke cikin kwalin?"

"Su ma na baza su a rana su sha iska, na danne da 'yan tarkacensa. Sai na ga suna canza launi, na tsorata na mayar." Ta dube ni. "Na yi ɓarna, ko?"

Na zubar da ruwan kumfar, na cika bahon da ruwa mai kyau, na jawo kwalin zuwa inuwa. Takardun sun yi toka-toka, ba kyan gani. Na tsoma ta farko ina kaɗawa a hankali yadda ya kwatanta mini, ruwan ya yi ɗorawa, shuɗi ya fara tasowa. A tsakiya wani farin da'ira ya bayyana, gindin kofinsa. Ta biyu cokalin maganinsa ne. Ta uku makullin ɗaki. Ina wankewa ina ba ta labarin yawon da na sha, tana saurare hannu a baki.

Ta ƙarshe ita ce wadda Malama ta ɗora wa saƙar, a ninke yadda ta same ta. Tsakiyar ta fito fari fat, babu zane ko ɗaya. Amma ta gefe guda, inda bakin saƙar ya zarce ninkin, jerin furanni ya fito, kowane da ƙananan ramukansa. Na ƙarshen ya yi hazo, inda iska ta ɗaga. A kusurwa kuma ga tabarau ɗinsa da ta danne takardar da shi.

Malama ta kai yatsa kusa da furannin, ba ta taɓa ba. "Hannun Mama ne," ta ce a hankali. Sai a lokacin kukan ya zo mata, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Muka maƙala takardar a igiyar shanya, tsakanin zanin gadonsa da tawul. Ruwa yana ɗiga daga kusurwarta zuwa siminti, shuɗin yana ƙara duhu yayin da take bushewa. Gilashin yana nan jingine a bango, cikin jaridarsa.