Ranar Da Mai Burodi Ya Ja Rigar Lauyansa

Ni kafinta ne, kuma ni da maƙwabcina mai burodi mun daina gaisawa tun da bangon shagona ya tsage. Tanderunsa jingine yake da bangon da nake jera katako. Zafi ya yi ta cin ginin har ya buɗe baki, katakona kuwa ya riƙa lanƙwashewa. Na yi magana, ya ce bangon dama tsoho ne. Da na gaji na kai ƙara kotu, ina neman a sa shi ya matsar da tanderun ya gyara ɓarnar.

Alƙaliyar ta sa ranar fara sauraron shari'a, ta kuma yanka wa kowane ɓangare wa'adin shigar da bayanan shaidu da rahoton injiniya. Lauyata, 'yar siririya mai saurin baki, ta ja min kunne. "Baba, mun riga mun nemi ɗagewa sau ɗaya da injiniya ya yi tafiya. Wannan karon ko ciwon kai kada ka yi."

Ciwon bai zo kaina ba, kan uwar 'ya'yana ya sauka. Tana shanya a tsakar gida ta dafe ƙirji ta zube. A asibiti aka ce sai an yi mata aikin zuciya. Na kulle shago na tare a bencin ƙofar ɗakinta, na manta da wani abu wai shi bango. Injiniya ya yi ta zuwa yana tarar da kwaɗo. Sai da wa'adin ya wuce lauyata ta same ni a waya.

"Ba rahoton nan, ƙararmu fanko ce," in ji ta bayan ta yi min jaje. "Zan roƙi ƙarin lokaci da sabuwar rana. Amma lauyansu ba ya yafiya, kuma doka tana bayansa."

Ranar da za a ji roƙon na shiga kotu da kayan da na kwana da su. Fanka tana ta kuka a sama. Lauyata ta yi bayani, ta miƙa shaidar likita. Lauyan mai burodi ya miƙe ya gyara baƙar rigarsa, ya ce yana tausaya min, amma wannan ne karo na biyu, kuma wanda yake karewa ya gaji da jeka-ka-dawo. Ya nemi a ci gaba yadda aka tsara, ba tare da rahotona ba. Na sunkuyar da kai, don ban ga ƙarya a maganarsa ba.

Sai na ji ya yi shiru a tsakiyar zance. Mai burodi ne ya miƙo hannu daga baya yana jan gefen rigarsa. Suka yi ƙus-ƙus, lauyan yana girgiza kai, shi kuma yana ƙara ja.

"Me ke faruwa a can?" in ji alƙaliya.

Mai burodi ya tashi yana murza hula. "Ranki ya daɗe, a gabana aka fito da baiwar Allah, matar maƙwabcin nan nawa, aka sa a mota. In zan kayar da shi, na fi so in kayar da shi yana tsaye. A ba shi lokacin. Bangon ba gudu zai yi ba."

Aka yi dariya, har da magatakarda. Alƙaliya ta tambaye ni yaushe likitoci suke sa ran sallama, ta duba ranakun da kotu ke da sarari, ta ba mu sabon wa'adi, ta kai shari'ar watan da ke biye da shi. Ta ce in gaida mai jiki.

A bakin matakala na tare mai burodi. Na riƙe hannunsa da hannu biyu, na ce, "Allah ya saka, maƙwabci."

"Kada ka ɗauka na janye," ya ce. "Bangonka tsoho ne."

"Tanderunka ne."

"To, mu haɗu a kotu. Yaya jikin nata?"

Aiki ya yi kyau, aka sallame ta. Injiniya ya auna, shari'a ta zauna a sabuwar ranarta. Kotu ta ce mai burodi ya janye tanderun daga bangon, gyara kuma mu yi shi tare, don ashe bangon ma yana da nasa laifin. Kowa ya fito yana cewa shi ya yi nasara.

Da uwar 'ya'yana ta fara iya takawa, gidan mai burodi ta fara shiga, tana dafe da kafaɗata. Matarsa ta shimfiɗa mata tabarma, suka shiga hira. Mu kuma muka zauna a waje, ya zuba min shayi, ya ce ƙofar shagonsa ta daɗe tana ƙara, ko zan duba masa ita.