Rufin Makarantar Malam Mahama

Garin da ya zubo daga ramin farko ja ne, ba toka-toka ba. Baba Brimah ya kashe injin huda, ya murza garin a yatsu, ya ji yashi zalla.

Aikin ba wani babba ba ne. Malama Hadija ta kafa tanki a bayan Islamiyyarta a unguwar Asokore Mampong, tana so a ja bututun ƙarfe ta cikin aji zuwa wurin alwala. A huda kankaren rufi daga ƙasa, a dasa ƙusoshi, a rataya maƙalai, bututu ya kwanta a kansu. Sai dai bututu in ya cika da ruwa nauyinsa daban ne, ga girgiza duk sanda aka buɗe famfo. A ƙarƙashinsa kuwa 'yan mata arba'in ke zama.

Ya huda na biyu, ya dasa ƙusa, ya ɗaure tam. Ya ja da hannu ɗaya, hannun tsoho ma, ta biyo shi da ɓarɓashi.

A nan ya ji dariyar Suraj, abokin aikinsa. Shekara goma sha ɗaya da binne shi, amma ga ta a bayan kunnensa. Su biyu suka zuba wannan rufin, shekara talatin ke nan. Unguwa ta fito gayya, mata na ɗebo ruwa, maza na hawa da kwanukan kwaɓi, Malam Mahama, mahaifin Hadija, yana ta sa albarka. Kowa idonsa na sama. Ba wanda ya leƙa wurin kwaɓi, inda suke ƙara yashi suna rage siminti. Buhunan da suka ɓoye, kasuwar Kejetia suka nufa da su.

"Makarantar Allah ce," in ji Suraj a ranar. "Shi zai riƙe abarsa."

Yau ma muryar ba ta canza ba. Bi da bututun ta bango, Brimah, ka ja bakinka. Shekara talatin bai faɗo ba.

Brimah ya ɗaga kai. Tsaga ta ratsa daga kusurwa zuwa tsakiya, tsatsar rodi ta biyo ta kamar jinin da ya bushe.

"Baba, injin ne ya gaji ko mai injin?" Hadija ce a ƙofa, da alli a hannu. Yaran na tsakar gida suna jiran a gama.

"'Yata, rufin nan ba zai riƙe bututu ba."

"To a bi ta bango mana."

"Kansa ma da ƙyar yake riƙewa. Kada yaran nan su sake zama a ciki."

Ta yi dariya. "Haba Baba. Mahaifina ya ce ku kuka zuba shi. Har ya rasu bai daina yi muku addu'a ba, kai da marigayi."

"Bai yi ƙarya ba. Mu muka zuba." Ya sauko daga tsani, ya juye mata garin a tafin hannu. "Da saninmu."

Ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta juya ta kira babbar ɗalibarta.

"Rafia, ku shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Kada kowa ya shiga ɗauko allo."

Brimah ya tsaya a tsakiyar ajin, daidai ƙarƙashin tsagar, yana sauraro. Suraj ya yi shiru.

"Baba," in ji Hadija, ba ta waiwayo ba. "Kai ma ka fito."