Takalman Ya'u a Gindin Dabino

A unguwar Awali ta Madina, in aka ambaci Abdussamad, ba a daɗewa zancen zuma ke shigowa. Wasu su ce ƙudan sun san warin jikinsa. Wasu su ce addu'a ce ya gada daga kakansu, wanda ya zo aikin Hajji daga ƙasar Kano, bai koma ba, ya share wannan fili ya dasa dabino. Ƙaninsa Ya'u kuwa cewa yake yi, "Wace addu'a? Fatar Yaya ce ta yi kauri, zuma ta gwada ta gaji." Abin da babu musu a kansa shi ne Abdussamad yana buɗe amya fuska a sake, hannu ba safa, kuma yana jin daɗi in ana ba da labarinsa.

Bustan ɗin, wato lambun, nasu ne su biyu. Gine-gine sun zagaye shi ta ko'ina, sai katangarsa kawai ta rage da kore a ciki. Abdussamad ke da amyoyi da lemun tsami da rumman, Ya'u ke hawan dabino. Tun shekarar da zuma ta harbi Ya'u har aka kwantar da shi a asibiti, likita ya ba shi wata allura ya ce kada ta rabu da aljihunsa, suka yi wa kansu ƙa'ida. In Ya'u zai hau, zai bar takalmansa a gindin bishiyar. In da takalma a kusa da amyoyi, ba a taɓa amya sai ya sauko.

Ran nan da hantsi Abdussamad ya yi wanka ya sa farar riga, ya shafa turaren ud har a gemu, don 'yan'uwa za su sauka daga Kano yin Umara. Yana cikin mota ɗansa Fahad ya kira daga filin jirgi. Ya yi masa Hausa, yaron ya amsa da Larabci kamar kullum: jirgi ya riga ya sauka, kuma wata tsohuwa a cikin baƙin tun a bakin ƙofa take tambayar zumar Madina da aka yi mata alkawari.

Sai ya juya kan mota ya nufi bustan.

Lokacin talƙih ne, lokacin da ake ɗaukar furen namijin dabino a kai wa macen. Ƙamshin furen lemo ya cika wurin. Yana zuwa layin amyoyi ya ga takalman, tsofaffin silifa masu launin ƙasa, a jere a gindin doguwar bishiyar da ke yi wa amyoyin inuwa. Ya ɗaga kai. Can sama Ya'u yana jingine da igiyar hawa, ya juya baya, yana 'yar waƙarsa.

Abdussamad ya tsaya jim. In ya kira shi, sai ya ɗaure wannan zangarniyar, ya sauko a hankali, ya yi ta tsokana. In ya tsaya hura gwangwanin hayaƙi, rigarsa za ta yi ƙauri. Saƙa ɗaya ce, in ji zuciyarsa. Kafin ƙudan su farga na rufe.

Ya ɗaga murfin amya ta farko.

Ƙarar da ta fito ba wadda ya sani ba ce. Siririya ce, mai kaifi. A nan ya tuna da turaren da ya shafa, wanda ƙamshinsa ke harzuƙa ƙudan zuma. Ɗaya ta same shi a fatar ido, ya yi baya, gefen rigarsa ya kama ƙafar teburin da amyoyin suke kai, akwatin amyar ya tuntsure ya daki na kusa da shi. Iska ta yi baƙi.

"Yaya?" Muryar ta zo daga sama. "Me ya faɗi?"

"Kada ka motsa! Rufe fuskarka!"

Sannan Ya'u ya ce, a hankali, "Garin fure ne a duk jikina."

Abdussamad ya manta da wannan. Jakar furen namiji tana ɗaure a ƙugun Ya'u, kuma ko ran da suke lafiya ƙudan nan suna bin ta. Yana kallo suka tashi kamar hayaƙi suna bin jikin bishiyar.

Ya ruga ɗakin injin ban ruwa. Rigar Ya'u na nan a rataye a ƙusa. Ya laluba aljihu ya ciro allurar, ya cusa a nasa, ya tayar da inji, ya jawo tiyo. Ana harbinsa a wuya da kunnuwa, bai ma san ana yi ba. Ya toshe bakin tiyon da babban yatsa ya ɗaga sama. Ruwan ya kai rabin bishiya ya karyo.

"Sun same ka?"

"Kaɗan."

"A ina?"

"Wuya. Da hannu." Ya'u ya yi tari. "Yaya, harshena yana nauyi."

"Sauko! Sauko yanzu, ga ruwa nan zai tare su."

Ya'u ya sassauta igiya ya sauko taki ɗaya, ya sake wani. Mutumin da yake sauka daga dabino yana hira, yau ƙafarsa laluben wurin takawa take yi. Da ya shigo inda ruwa yake kaiwa, ƙudan suka fara zubowa jiƙe, amma jikin bishiyar ma ya jiƙe. Ƙafarsa ta zame, igiya ta riƙe shi, ya tsaya a nan yana lilo, kai a sunkuye.

"Ya'u! Ya'u, yi magana!"

Ba magana. Wani sauti ne kawai, kamar iska na bi ta tsagar ƙofa.

Rabon Abdussamad da hawa tun kafin ya yi tumbi. Ya yar da tiyo, ya tuɓe takalmi, ya tattare farar rigar, ya rungumi bishiyar ba igiya. Kututturan ganye suna yankar tafin ƙafarsa. Ya hau har kansa ya taɓa dugadugan ƙaninsa, ya sa kafaɗa a ƙarƙashinsu. Sun yi sanyi.

"Taka ni. Sake igiyar kaɗan kaɗan, ina ƙasanka."

Haka suka sauko, shi yana ja da baya, nauyin Ya'u yana ƙaruwa a kansa. Maganar da ya kamata ya yi ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta. A gidansu ba a neman gafarar mara lafiya sai an fid da rai. Haka suka yi wa mahaifinsu, suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Gani yake in ya furta, ya yi sallama ke nan.

Saura kaɗan su kai ƙasa hannun Ya'u ya saki. Suka faɗo tare cikin taɓo.

Fuskar ta kumbura har idanu sun shige. Abdussamad ya ciro allurar. An nuna masa yadda ake yi sau ɗaya, ya saurara da rabin kunne, don a lokacin yana ganin ba za a taɓa bukata ba. Ya cire murfi, ya juya ta, ya sake juyawa, ya yi bisimilla ya danna a cinya ta kan wando. Ya ji ta yi ƙas. Bai san ko ta shiga ba.

Ya ja shi har mota. Ya kira Fahad, ya ce ya turo motar asibiti bakin babban titi, don ba za su gane lungunan Awali ba. Yaron ya ji muryar ubansa, ya amsa da Hausa: "To, Baba."

Katangu suna wucewa dama da hagu. Idon Abdussamad ɗaya ya rufe, yana tuƙi da ɗayan. Ya'u ya ja wani dogon numfashi, ya motsa leɓe.

"Yaya... zumar baƙin... ka ciro?"

"Yi shiru, don Allah."

"Asara... biyu." Ya so ya yi dariya, sai ta koma tari. Bayan tarin sautin nan na tsagar ƙofa ya dawo.

Suna fitowa babban titi Abdussamad ya hango motar asibiti tana tahowa da jiniya. Yanzu za su ɗauke shi su rufe ƙofa, su ce masa ya biyo baya. Ya taka birki, ya kama hannun ƙaninsa da ya kumbura, ya sunkuya daidai kunnensa.

"Ya'u, kana ji na? Na san kana sama. Na ɗaga kai na gan ka, kuma na buɗe. Ba tsautsayi ba ne, ni ne." Ya ɗaga murya don kada jiniya ta danne. "Ka yafe mini, ɗan'uwana. Don Allah ka yafe mini."