Usur Ɗin Kumandan Hamidou

Tchima tana goge wa tsohon Bature Gregory baki, shi kuwa ya sake ɗauko labarin takobin da ke rataye a falonsa na unguwar Irving Park. Jinyarsa take yi, ƙafa ta mutu amma baki na nan garau.

"Na kakan babana ne," ya ce. "Shi ne shugaban dakarun sa-kai na 'yan cocin Momon a ƙauyensu, zamanin da ake korarsu gari-gari. Da dattawa suka gaji da shi, ba su tsige shi ba. Girma suka ƙara masa, suka tura shi wa'azi ƙetaren teku. Ya tafi yana kukan daɗi. Kafin jirgi ya ɗaga, mataimakinsa ya gaje kujerar."

Tchima ta yi dariya har da riƙe ciki. Da yamma wajen kitso ta juye wa Daso labarin kaf, har da kwaikwayon murya. Kai, baki! Ta manta Daso matar Garzali ce, mataimakin mijinta.

Mijin nata, Hamidou, tsohon soja ne daga Nijar. A nan ƙasar Turawa kaji yake figa a kamfani, yaro sa'ar ɗansa na daka masa tsawa. Amma tun da aka fara jifan masallaci bayan harin 11 ga Satumban 2001, shi ne kumandan 'yan agaji masu gadi. Ranar Juma'a kaɗai yake mutum: riga mai ƙyalli, usur a wuya, ko liman bai isa ya karkace fakin ɗin mota ba. Garzali ya daɗe da ƙosawa, amma wa zai tunkare shi?

Ana sallame Juma'a Garzali ya karɓi lasifika a harabar masallaci.

"Jama'a, girman Baba ya wuce tsayuwa cikin motoci. Kwamiti ya naɗa shi Babban Kumandan maƙabartarmu ta bayan Pleasant Garden!"

Aka ɗau kabbara. Maƙabartar da in ka cire 'yan kaburbura, sai barewa da ciyawa.

Garzali ya yafa masa babbar riga, ya durƙusa har ƙasa. "Baba, kawo usur ɗin. Mutanenka na can ba sa son hayaniya."

Hamidou ya cire da hannunsa, idonsa taf da ƙwalla. A layin mata Daso ta matse hannun Tchima.

"Barka, ƙawata. Ki gaida min Baturenki."

A mota Hamidou sai shafa aikin rigar yake yi.

"Wala! Kin gani, Tchima? Ashe sun san darajata. Ko wane ɗan albarka ne ya kawo shawarar nan? Allah ya yi masa abin da ya yi mini."

Usur ya tsaga kunne a bayansu. Garzali ne, yana yi musu hannu su matsa, sun tare hanya.

Hamidou ya tada mota da sauri. "Ba ki ce amin ba."

Tchima ta kalli titi.

"Amin," ta ce.